Katin Hoton da Ya Ƙi Haska Allo: Nazarin Wata Kwamfutar Ofis Mai Kulle

Kwamfutar tebur ce irin ta ofis, mai dogon akwati, wadda wata ma'aikata ta yi gwanjonta tare da 'yan'uwanta lokacin da ta sabunta kayan aiki. Furosesar da ke ciki Intel Core i7-4770 ce, 'yar zubi na huɗu da ya fito a 2013, ga RAM gigabait 16, ga faifan SSD da aka sa daga baya, Windows 10 kuma na tafiya lafiya ƙalau. Matar da ta saye ta, aikin tace bidiyo ne sana'arta, kuma ɗan sashen hoton da ke cikin furosesar, HD 4600, ya daina ɗaukar nauyin aikin. Sai ta nemi katin hoto na hannu, wato sashen da ake soka wa kwamfuta don ya riƙa zana abin da ke fitowa a allo, Radeon RX 570 mai gigabait 4, ƙaninta ya soka mata shi.

Da aka kunna, fankoki suka juya, fitilar gaba ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Ko tambarin kamfanin da ke fitowa da farko bai leƙo ba. In an zare katin, komai ya dawo daidai. Da suka nufi saitunan BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, don su ga ko akwai abin gyarawa, sai suka tarar ana iya karanta shafukan amma ba a iya taɓa komai sai da kalmar sirrin da masu kula da kwamfutocin tsohuwar ma'aikatar suka bari. Nan take suka yanke hukunci cewa an kulle na'urar ne don kada ta karɓi kayan waje. Da wannan bayani aka kawo mini ita, kuma buƙatarsu ɗaya ce: a fasa kullen.

Zaton nasu yana da tushe. Akwai kwamfutocin tafi-da-gidanka da aka sa wa jerin katunan Wi-Fi da suka yarda da su, in ka sa wani daban su ƙi tashi. Amma a kwamfutar tebur, a gurbin PCI Express na katin hoto, da wuya a tarar da haka. Kalmar sirrin BIOS kuma aikinta hana sauya saiti, babu ruwanta da wane kati aka soka. Shi ya sa tun farko na ga alamar an bar jaki ana dukan taiki.

Ƙananan abubuwa an bi su da sauri. Wayar allo tana jikin katin, ba a ramin madabod ba, wato babban farantin da duk sassan kwamfutar ke haɗe a kansa. An zare katin an mayar har ya zauna daram. An gwada HDMI, an gwada DisplayPort. Babu canji.

Alamu biyu ne suka fi amfani. Ta farko, bayan kamar minti guda da kunnawa, fitilar Caps Lock tana amsawa in an danna, sautin shigar Windows ma yana fitowa a lasifika. Ashe kwamfutar ba ta maƙale ba. Tana tashi har ƙarshe, hoto ne kawai babu. Ta biyu, ƙanin ya ce ya kai katin wata kwamfuta da aka harhaɗa a gida ya ga hoto, don haka a wurinsa kati lafiyarsa lau. Na tambaye shi ko an sa direba a can, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, ko an ba katin wani aiki mai nauyi. Ya ce, "A'a Malam, da muka ga ya nuna sai muka cire." Na ce ya bincika mini yadda aka saita waccan kwamfutar. Amsar da ta dawo ita ce wani saiti da ake kira CSM a kunne yake.

Abin da ke faruwa kafin Windows ta farka

Kafin direba ya karɓi ragama, dole wani ya kunna katin ya zana rubutun farko a allo. Wannan aikin wata 'yar manhaja ce da ke zaune a cikin cif na katin kansa. A tsohon tsarin BIOS, wanda asalinsa ke komawa ga kwamfutar IBM ta 1981, madabod kan ɗauko wannan manhaja ta gudanar da ita a yanayin bit 16. Da sabon tsari mai suna UEFI ya zo ya gaje shi, sai ya buƙaci wata daban da ake kira GOP. Katunan da aka yi tun daga wajen 2013 galibi suna ɗauke da duka biyun a cif guda. CSM shi ne gadar da ke bai wa madabod mai UEFI damar amfani da tsohuwar. Secure Boot kuwa, wanda ya bazu tare da Windows 8 a 2012, ba ya zama inuwa ɗaya da CSM, kuma yana duba hatimin dijital na duk manhajar da za ta gudana kafin tsarin aiki, har da ta katin hoto. Wadda hatiminta bai inganta ba, sai a tsallake ta shiru.

Shafukan BIOS ɗin, waɗanda ake iya karantawa duk da kullen, sun nuna Secure Boot a kunne, tsofaffin manhajojin kati a kashe. Ke nan katin yana haska allo a inda aka yarda da tsohuwar hanya, yana ƙi a inda sai sabuwa. Wannan halin katin 2010 ne. RX 570 kuwa a Afrilun 2017 ya fito, bai kamata a ce GOP ɗinsa ba ya aiki ba. Daga nan zargina ya bar kwamfutar ya koma kan tarihin katin. Hanya mafi tsafta ta tabbatarwa ita ce a ba wannan kwamfutar irin saitin waccan a ga ko hoto zai zo. Don haka kullen ya zama dole a buɗe shi, amma a matsayin ƙofar bincike, ba magani ba.

Buɗe kullen

Kafin in taɓa komai na nemi takardar gwanjon, lambar jikin akwatin kuma ta dace da wadda ke rubuce. Ba na cire kalmar sirri a na'urar da ban ga shaidar mallakarta ba, ko waye ya kawo ta. Kalmar an sa ta ne don kare dukiyar wani, kuma mai gyaran da ya saba cirewa ba tambaya wata rana zai taya ɓarawo aiki bai sani ba.

Sun riga sun gwada dabarar da kowa ya sani, wato zare ɗan batirin CR2032 mai bolt 3. Agogo ya rikice, kalmar sirri tana nan. Kwamfutocin ofis da yawa ba sa ajiye kalmar a wurin da batiri ke raya shi. Suna rubuta ta a ajiyar da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke, da gangan, don kada duk mai sukudireba ya wuce. Zare batirin ma yana da nasa haɗarin da ba a cika faɗa ba: yana iya mayar da yanayin faifai daga AHCI zuwa RAID ko akasin haka, Windows ta tashi da shuɗin allo tana cewa ba ta ga faifanta ba. Su dai sun tsira. Na ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin a ci gaba.

Sai kuma abin da ya fi komai tsada a cikin akwatin, wato aikin mutane da ke kan faifan. Matar ta kunna BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan faifai, saboda bidiyon abokan cinikinta, kuma ta yi daidai. To amma makullin BitLocker yana cikin wani cif na tsaro da ake kira TPM, shi kuma TPM ba ya sakinsa sai ya ga yanayin tashin kwamfutar bai sauya ba. Kashe Secure Boot sauyi ne. Wanda ya yi haka ba shiri, zai tarar ana tambayarsa lambar ceto mai alƙaluma 48, in babu ita kuwa babu mai gyaran da zai iya fito masa da fayil ko ɗaya. Na ce mata, "Hajiya, lambar ceton nan tana ina?" Ta ce tana cikin asusunta na Microsoft. Ban yarda da "tana ciki" ba sai da ta buɗe ta kwafe a takarda. Bayan haka, katin na waje, muka shiga Windows muka dakatar da BitLocker. Dakatarwa kawai, ba warwarewa ba.

Cire kalmar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. Littafin gyaran wannan samfurin ya nuna wasu 'yan ƙafafu biyu a madabod da 'yar hular roba ta haɗa, an rubuta PSWD kusa da su. A cire wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa don ragowar caji ya fita, a zare hular, a kunna kwamfutar ta tashi sau ɗaya, a kashe, a mayar da hular. Mayarwar tana da muhimmanci, domin in an bar ta a cire, sabuwar kalma ba za ta zauna ba. Akwai wasu ƙafafun daban na goge saituna gaba ɗaya, kuma sau da yawa mutane kan rikita su. Sababbin samfura da dama sun daina zuwa da wannan hula, sai an koma ga kamfanin da shaidar saye. Haka nan wannan hanya ba ta taɓa kalmar da aka sa wa faifai kansa.

Na kashe Secure Boot, na kunna tsofaffin manhajojin kati, amma na bar tsarin tashi a kan UEFI. Faifan an tsara shi ne a salon GPT mai tafiya da UEFI, da an juya tashin gaba ɗaya zuwa tsohon tsari, wato Legacy, da Windows ta ɓace daga jerin. Aka mayar da kati. Tambari ya fito, Windows ta fito.

Lamba 43

Ƙanin ya so a tsaya a nan, tunda hoto ya samu. Amma da aka sa direban AMD, Device Manager ya ɗora alamar gargaɗi a kan katin da lamba 43, wato Windows ta tsayar da na'urar saboda ta kai rahoton matsala. Allo ya ci gaba da tafiya a kan direban wucin gadi na Microsoft, wanda ba ya taɓuka komai wajen tace bidiyo.

Alamu biyu yanzu suna nuna wuri guda. A shekarun da ake haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katunan hoto, musamman daga 2017, dangin RX 470 zuwa RX 580 suna cikin waɗanda aka fi wawaso. Masu haƙa kan gyara manhajar cikin katin, su sauya lokutan aikin ƙwaƙwalwarsa don ta ƙara sauri a lissafinsu. Gyaran yana karya hatimi. Direban AMD na wannan zubi yana duba hatimin, in ya ga an taɓa sai ya ƙi aiki, shi ne lamba 43. Sashen GOP ma yakan daina aiki bayan irin wannan taɓi, shi ne baƙin allo a ƙarƙashin Secure Boot. Su masu haƙar bai dame su ba, don suna da dabarun kauce wa binciken, yawancin katunansu ma ba a taɓa haɗa su da allo. Da Ethereum ya bar wannan salon haƙa a Satumbar 2022, katunan suka kwararo kasuwar kayan hannu, da yawa ba a mayar musu da manhajarsu ta asali ba.

Hanyoyi uku ne a gaba. Akwai 'yar manhajar da ke yi wa direba kwaskwarima ya daina duba hatimin. Ban so ta ba: dole a sake ta duk lokacin da direba ya sabunta, ba ta gyara GOP, kuma tana nufin kwamfutar da ke riƙe da aikin mutane za ta zauna babu Secure Boot har abada. Akwai sake rubuta manhajar asali a cif ɗin, wanda yana yiwuwa, amma sai an samo fayil da ya dace da ainihin samfurin da kuma kamfanin da ya yi ƙwaƙwalwar katin, domin samfuri ɗaya yakan zo da ta Samsung ko Hynix ko Micron, kuskure kuma yana iya kashe katin. Ta ukun ita ce a duba gefen katin da kyau. Wasu masu ƙera waɗannan katunan suna sa cif biyu da ɗan ƙaramin makunni na zaɓa tsakaninsu. Wannan katin yana da shi, a ɓoye kusa da bakin murfin fanka, ƙura ta rufe shi. Aka kashe wuta, aka tura shi ɗaya gefen.

Direba ya hau ba gardama. Sai gwajin da ya fi muhimmanci: na kashe tsofaffin manhajojin kati, na mayar da Secure Boot, saitin ya koma yadda ya zo tun farko. Tambari ya fito a allo ta jikin katin. BIOS ɗin da aka ɗora wa laifi yana kan saitinsa na asali, kati kuma yana aiki. Duk wanda ya riƙe katin hannu na wannan dangi, ya dace ya nemi makunnin nan tun kafin ya buɗe littafin madabod.

Wuta

Tun buɗewar farko na ga yadda aka ciyar da katin. Akwatin wutar kwamfutar mai wat 290 ne kuma ba shi da wayar katin hoto, sai aka sa 'yar wayar juyi da ke ɗaukar wuta daga kawunan SATA biyu ta kai ramin katin mai ƙafa 8. Ba ita ta hana hoto ba, domin kati ba ya jan wuta sosai lokacin tashi. Na dai gaya musu kada a ba shi aiki mai nauyi sai an sauya akwatin wutar. Aikin gaggawa ya taso mata, ta ɗauki kwamfutar, tana tsakiyar fitar da bidiyo sai ta mutu ɗif, babu shuɗin allo, babu gargaɗi.

Yadda kwamfuta ta mutu yana faɗin abin da ya kashe ta. In direba ne ya maƙale, Windows kan jira daƙiƙa biyu ta sake tayar da shi, allo ya ƙifta, saƙo ya fito. Mutuwa ɗif kuwa, wadda ba ta bar komai a kundin Windows ba sai Kernel-Power 41, yawanci wuta ce ko zafi. An auna zafi, bai kai ko'ina ba.

Lissafin ba shi da wuya. Katin an ƙiyasta shi a wat 150. Gurbin PCI Express iyakarsa 75, saura dole ya biyo ta waya. Ramin ƙafa 8 an tsara shi ya ɗauki har 150, shi kuwa kan SATA a layin bolt 12 amfiya 4.5 ne iyakarsa, wato wat 54. Za a ce ai kawuna biyu ne, to amma duka biyun a jikin waya ɗaya suke, kuma a irin wannan kwamfuta wayar faifai ba daga akwatin wuta take fitowa kai tsaye ba, daga madabod take. Ke nan wutar katin tana ratsa siraran layukan da aka zana don faifai ɗaya ko biyu. Da na zare wayar juyin, robar ɗaya kan ta fara sauya launi. Wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da duk abin da ya gabata, domin baƙin allo ba ya ƙona ɗaki. Ko da wayar ta jure, furosesa 84 da kati 150 sun kai 234, ban da faifai da fankoki da RAM, a kan akwatin da ya haura shekara goma yana aiki. AMD kanta wat 450 ta ba da shawara ga wannan kati.

Aka sa sabon akwati mai wat 500 da wayarsa ta ƙafa 8. Madabod ɗin ba ta amfani da ramin ATX mai ƙafa 24 da aka saba, nata na musamman ne, don haka sai da wayar juyi da aka yi wa wannan samfurin takamaimai. Irin waɗannan ramuka suna kama da juna a ido alhali jerin ƙafafunsu ya bambanta, shi ya sa na bi kowace ƙafa da mitar auna wuta kafin in haɗa. Tsohon akwatin ba a buɗe shi ba, kuma bai kamata kowa ya buɗe ba, yana riƙe caji mai haɗari ko bayan an cire shi daga bango.

Ƙanin bai haƙura da maganar kulle ba. Ya karanta cewa kamfanoni suna ɓoye wasu shafuka a BIOS, kuma akwai gyararrun fayiloli da ke fito da su. Gaskiya ne, wannan kulle ne na biyu, daban da kalmar sirri. Abin da yake hari shi ne Resizable BAR, wanda ke bai wa furosesa damar ganin ƙwaƙwalwar kati gaba ɗaya maimakon ta leƙa ta tagar megabait 256. Ya shahara ne a ƙarshen 2020 tare da katunan RX 6000, kuma AMD ba ta sa RX 570 a jerin masu cin moriyarsa ba. Akwai inda irin wannan saiti yake da nauyi: katunan Intel Arc suna rasa ƙarfi sosai in babu shi, wasu manyan katunan lissafi kuma ba sa tashi sai an kunna Above 4G Decoding. Nan ba haka ba ne. A ɗaya gefen ma'aunin kuwa, fayil da wani baƙo ya gyara za a rubuta a cif ɗin da kwamfutar ke farkawa da shi. In ya kuskure, sai an nemo na'urar rubuta cif an maƙala mata kai tsaye, wasu injinan ma tun daga wannan zubi na huɗu suna da Intel Boot Guard da ke ƙin tashi in an taɓa farkon manhajar. Kuma yanzun nan muka gama ganin abin da gyararriyar manhaja ta jawo a kati. Na ce masa ba zan yi ba. Yayarsa ta goyi bayana tun kafin in gama bayani.

An bar kwamfutar tana fitar da dogon bidiyo sau da yawa a jere, ba ta mutu ba, zafin katin kuma ya tsaya a inda ya dace bayan an wanke ƙura an sabunta man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya. Aka ci gaba da BitLocker, matar ta sa sabuwar kalmar sirri a BIOS ta ajiye ta tare da lambar ceto. Cif na farko a katin yana nan da manhajar masu haƙa, ban taɓa shi ba, na dai rubuta a cikin murfin akwatin wane gefe makunnin zai zauna. Abin da ya rage ba na kati ba ne: Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesa da ta fi wannan sabunta da zubi huɗu. Katin da akwatin wutar duka za su iya bin ta zuwa kwamfuta ta gaba, kuma da wannan lissafin aka zaɓi akwatin.